Ranar da Na Tona Mai Gawo

Sati guda bayan sojoji sun karɓi mulki, na buɗe wayata na tarar rabin mutanen zaurenmu sun ɓace. Zauren da nake faɗa na cikin waya ne, inda 'yan ƙasarmu ta Kurfai na gida da na waje muke taruwa. Wanda ke aiki a Yamai, wanda ke Kwatano yana tallar agogo, wanda ke nan Filinge bakin tasha, duk muna ciki. Can ake sanar da haihuwa da rasuwa, can ake faɗin inda ruwa ya sauka da inda gero ya fara ƙuna, can ake musun kokawa har a ɓata. To sai ga mutane suna fita ɗaya bayan ɗaya, ba ko sallama. Bayan kwana biyu suka riƙa dawowa da sabuwar lamba, da sunan aro, da hoton da ba nasu ba. Wannan ya sa raƙumi, wancan ya sa fure, wani ƙato da na san tsawon gemunsa ya sa hoton jariri.

Ni ban canza komai ba. Fuskata ce a jikin lambata, da koren kallabina, da sunana cikakke har da "Madam" a gaba, don shekara ashirin da biyu na yi ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ba kuma wanda zai rage mini ita. Maigidana ya ce in yi kamar kowa. Na ce masa a kan me? Ni da ba na rubuta komai sai barka da ta'aziyya da zagin wanda ya ci a zage shi? Mai son kama ni ya zo, ya san gidan. Haka nake magana, kuma a lokacin ina jin daɗin kaina ƙwarai da nake haka.

Tsoro biyu ne ya sa mutane ɓuya. Na farko, an ce masu kaki suna karanta abin da ake rubutawa, kalma ɗaya ta karkace sai a kira mutum ya je ya yi bayani. Na biyu ya girmi juyin mulkin, ya kuma fi muni, wato mutanen daji. Haka muke ce musu, ba ma ƙara komai a kai. Su ne masu bindigar da ke sauka ƙauyuka su kore shanu da sunan zakka, su tare motar kasuwa su sauke wanda suka ga dama. Saboda su aka hana hawa moto, wato babur, saboda su lakwal ɗin ƙauyuka da yawa suka rufe, malamansu suka dawo gari suna zaman jira. Kowa ya san suna da kunne a cikin gari, kowa kuma ya san mai kunnen nan yana da waya. Ba wanda suka tsana kamar mai faɗin inda suke.

Ana cikin haka wani ya bayyana a zauren da hoton itacen gawo, ba suna ba komai, sai muka sa masa Mai Gawo. Ba ya doguwar gaisuwa, ba ya shiga musu. Layi biyu ne ko uku: kada motar Sanam ta bi ta wuri kaza gobe, an gan su a rijiya kaza da hantsi, masu zuwa Damana su dawo kafin la'asar. Abin da ya faɗa kuwa haka yake fitowa. Direbobi suka koma ba sa tada mota sai sun duba ko Mai Gawo ya yi magana. Mata masu kai kuka da daddawa kasuwannin ƙauye, waɗanda ba su iya karatu ba, sai su biyo ni har lakwal lokacin hutu su ce, "Madam, duba muna, mi yac ce?" Na sha karanta musu. Na sha cewa Allah ya rufa wa bawan nan asiri ko wane ne shi, da bakin nan nawa na faɗa.

Ina da ɗan kawu, ɗan wan mahaifiyata, wanda na girma da wata bakwai kacal. Taubashina ke nan. Baƙo zai ga abin kamar rashin kunya, amma mu a wurinmu ɗan mace da ɗan namiji wasa ne tsakaninsu har tsufa. Ka zage shi, ka fizge masa hula a gaban surukai, ka tono duk abin kunyar da ya taɓa yi, ba shi da ikon yin fushi. In ma ya yi tuntuɓe a gabanka ka yi shiru, sai dangi su fara tambaya ko wani abu ya shiga tsakaninku. A ƙa'ida wai ni ce baiwarsa tunda ni ɗiyar mace ce. Ni kuwa ban taɓa yarda ba, "bawana" nake ce masa a kasuwa, a gidan biki, har a gaban shugabansa na aiki. Duk Filinge in aka ji na ɗaga murya na ce "bawana", ba a waiwayawa don a ga da wa nake.

Aikinsa allurar dabbobi. Shi ne mai yawo ƙauye-ƙauye da akwatin magani a kafaɗa yana yi wa shanu da awaki rigakafi, tun da aka hana moto kuma sai ya bi motar kasuwa ko amalanke. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya son hayaniya. Bijimin da ya gagari maza huɗu zai kama shi ta hanci ya durƙusar. Amma kaza, wallahi kaza mai kwanci, in ta buɗe fiffike ta yi masa wannan gurnanin nata, sai ya nemi hanya. Tun muna 'yan shekara biyar wata ta bi shi a gidan kakarmu ta sassare shi a ƙeya, ya faɗa cikin ƙwaryar ƙullu. Shekara arba'in ina cin wannan labari bai gundure ni ba. Ko sau ɗaya ban kawo wa raina shi ne Mai Gawo ba, don lambarsa ta gaskiya tana cikin zauren da hotonsa, ba ta cewa komai sai "amin".

Ranar wata Alhamis ce bayan an gama girbi, da azahar, na dawo daga lakwal ina tsugune ina tuƙa tuwo, wayar tana kan turmi. Ta yi ƙara, na jawo ta da hannun hagu. Mai Gawo ne, ranar kuma ya yi dogon rubutu, abin da bai saba ba. Ya ce jiya mutanen daji sun rutsa shi a wani ƙauye, bai faɗi sunan ƙauyen ba. Masu gida suka tura shi cikin rumbu suka rufe, ya yi awa uku a ciki yana jin muryoyinsu da ƙarar motonsu. Ya ce masu zuwa gabas su haƙura da wannan satin. Sannan a ƙarshe, ina jin don ya sassauta wa mutane fargaba, ya ƙara da cewa a cikin rumbun akwai kaza tana kwanci, kuma Allah ya sani tsakanin ita da masu bindigar bai san wanda ya fi tsoro ba. Da ta motsa, in ji shi, saura kaɗan ya fito ya miƙa kansa.

Na saki muciya. Dariya ta kama ni har da hawaye, ga wani daɗi da na rasa inda zan sa shi. Ashe mutumin da duk gari ke sa wa albarka namu ne, ɗan kawuna ne, kuma ya kuɓuta. Da na tsaya na ja numfashi ɗaya, ɗaya tak, da yau ba na wannan rubutu. Amma taubashi ne ya yi tuntuɓe a gabana, a gaban jama'a. Yatsana ya danne wurin ɗaukar murya kafin in yi tunani, ina dariya ina haki na ce:

"Wayyo ni, bawana! Har yanzu kaza? Kai da ka kada bijimi da hannu guda! Bari ka dawo, na aje maka guda biyu ƙofar ɗaki, sai ka durƙusa ka ce ni ce uwargijiyarka kahin in kore maka su!"

Na saki, saƙon ya tafi. Na koma kan tuwona ina ta murmushi. Na kwashe malmala biyu, ina cikin ta uku aka kira ni. Mai kula da zauren ne, wani dattijon tela da ke da shago kusa da tasha, shi ke sa mutum shi ke cirewa. Mutumin da in ya fara gaisuwa sai ya tambayi har awakin gida, ranar ko sallama bai yi ba.

"Madam, mi kinka yi? Dubi wa da wa sunka saurara, ki goge yanzu-yanzu!"

"Mi zan goge?"

"Muryarki! Ke kin san wa kinka kira?"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Na zauna dirshan a ƙasa. Hannuna duk tuwo, wayar ta ƙi jin yatsana, na goga a zani na sake dannawa. Wayar tana nuna waɗanda suka saurari saƙo, na ƙirga su da sauri, mutum goma sha huɗu, sannan na goge. Minti tara ya yi a zauren. Sha ɗaya daga cikinsu na san su duk da sunan aro, don Filinge ba ta da girman da mutum zai ɓace mini. Uku ban san su ba. Ɗaya hoton masallaci, ɗaya hoton zaki, ɗaya ba hoto sam, wurin fari fat.

Na sake kiran telan na tambaye shi su wane ne. Ya ce bai sani ba. Na hau shi da faɗa, kai ne mai zaure, ka cika shi da mutanen da ba ka sani ba? Ya bari na gama, sannan ya ce, "Madam, tun da kowa yas sake lamba, duk wanda yac ce mani shi ɗan Kurfai ne, ɗan wane jikan wane, sa shi nikai. In ce ya kawo katin ɗan ƙasa? Ai don kada a san su sunka ɓoye." Gaskiyarsa ce, ita ta fi ba ni haushi. Ɓuyan da ya rufe ɗan kawuna ya rufe har da mai farautarsa, ni kaɗai ce tsaye a fili da fuskata da kallabina ina nuna shi da yatsa. Tuwon ya kama a tukunya, ban ma ji ƙaurinsa ba sai da maƙwabciya ta leƙo.

Na kira lambar ɗan kawuna ta gaskiya ya fi sau ashirin, ba ta shiga, ƙauyukan da yake ba rezo, waya ba ta kamawa sai mutum ya hau tudu. Na so in kira lambar gawon, telan ya ce in na taɓa ta shi da ni har abada, don wa ya san wanda ke kallon lambar yanzu. Na ce to bari in rubuta a zaure cewa da wani nake wasa. Ya ce wane wanin, taubashi nawa gare ki masu kada bijimi? Ya ce in yi shiru, ko Allah ya sa abin ya bi iska.

Da la'asar na tafi gidan Kawu. Kawu tsoho ne, manomi, idonsa ya fara hazo, yana zaune kan buzunsa a gindin itacen bedi yana murza igiya. Matar ɗan kawun nawa ta ce sai Lahadi zai dawo, da motar da ke kawo 'yan kasuwa. Alhamis zuwa Lahadi, kwana uku yana cikin daji bai san abin da na yi masa ba. Na buɗe baki in faɗa musu, maganar ta ƙi fita. Kawu ya karkato kai ya ce, "Ɗiyata, yau ina kinka baro bakinki? Ko bawan naki ne ba ya nan, kin rasa abokin hwaɗa?" Na yi dariyar yaƙe na ce kaina ke ciwo.

Juma'a da Asabar zauren bai ce komai a kai ba. Aka sanar da suna, aka yi musun farashin wake, wani ya tura wa'azi. Duk ƙarar da wayar ta yi sai in fizgo ta in duba. A aji na rubuta lissafi a allo na tsaya ina kallonsa na manta abin da nake nema, har yara suka fara kallon juna. Amma zuwa yammacin Asabar na fara lallashin kaina. Na ce mutum sha huɗu ne kawai, masu hankali ne, ƙila ma ukun nan 'yan Kwatano ne da ba ruwansu.

Lahadi ranar kasuwar Filinge ce. Ko rumfar masu tattasai ban kai ba wata mai sayar da kuka ta cafke hannuna da hannu biyu, idonta ya cika da ƙwalla.

"Madam, ashe naku ne! Allah shi yi mishi albarka, Allah shi raya mishi ɗiya. Ba don shi ba da ina cikin motar nan ta rannan."

Na ce ban san zancen da take yi ba. Ta matse mini hannu ta kashe ido ɗaya ta ce, "Awo, mun gane, ba mu faɗa ma kowa." Mata uku ne zaune kusa da ita suna gyaɗa kai. Matar nan ko waya ba ta da ita. Na ƙara gaba, wani direba ya cire hula ya gaishe ni kamar na dawo daga Makka. Mai nama ya ƙara mini tsoka ya ce ta Mai Gawo ce. Kowa cewa yake a rufe, a rufe, kuma kowa ya faɗa wa mutum ɗaya da ya yarda da shi.

Na bar cefanen na nufi gidan Kawu kusan da gudu, na tarar abin da na fi tsoro. Mutanenmu ba su iya cin alherin mutum su ƙi zuwa ƙofar gidansa godiya ba, abin kunya ne a wurinmu. Da can sun rasa ƙofar da za su je, yanzu na nuna musu. Ga damin gero biyu jingine da katanga, ga zabi a ɗaure, ga ƙwaryar nono, ga mutane sun kai ashirin zaune a gindin bedi. Kawu yana tsakiya yana amsa godiya, bai gama gane abin da ɗansa ya yi ba amma fuskarsa sai ƙyalli take. Na ce musu don Allah ku tashi, ku kwashe kayan nan, kashe shi za ku yi. Wani dattijo ya ce, "Haba Madam, godiya ce ta zama laihi?" Da ni ce a wurinsa da ni ma na zo.

Ana haka ɗan kawuna ya iso, da akwatinsa a kafaɗa, ƙafafunsa fari fat da ƙasa. Ya tsaya daga nesa yana kallon taron. Direban nan ya tashi ya rungume shi yana kiransa Mai Gawo. Na ga lokacin da ya gane, fuskarsa ba ta motsa ba, hannunsa ne kawai ya ƙara damƙe igiyar akwatin. Ya nemo ni da ido ya same ni. Sai wani daga baya ya yi kukan kaza, wuri ya kaure da dariya, kowa ya juyo yana jiran ya ji abin da taubasai za su ce wa juna. Dole ya yi dariya, ya kuwa yi. Ya ce, "Baiwata, wannan karon kin ci." Ban taɓa jin dariyar da ta tsorata ni kamar wannan ba.

Da mutane suka ragu ya kira ni bayan gida wurin garken awaki.

"Mutum nawa sunka ji daga bakinki?"

"Sha huɗu."

"Nawa ne ba ki sani ba?"

"Uku."

Ya gyaɗa kai yana kallon awaki. Na ce masa ya zage ni, ya mare ni ma in ya so, na ba shi izini. Ya ce, "Mi zan ce miki? Ba ni da ikon hushi da ke, ke ma kin sani. Ni nay yi wauta da na sa zancen kaza." Wannan ɗaukar laifin da ya yi ita ta tunzura ni, halina ya motsa, na hau shi. Na ce kai ma mi ya kai ka? Kana da mata da ɗiya huɗu da tsoho, wa ya naɗa ka mai gadin hanya? Kuma wata da watanni kana wannan abu, ka kasa faɗa mini in san yadda zan kama bakina? Sai ya juyo ya dube ni sosai.

"Ke? In hwaɗa miki ke?"

Na ɗauki gyalena na fita ta ƙofar baya don kada Kawu ya ji ina kuka.

Ranar Talata masu kaki suka aiko kiran ɗan kawuna. Ba su taɓa shi ba, ya ce har shayi suka ba shi. Tambaya ɗaya suka riƙa juyawa kwana biyu, daga safe har yamma: yaya aka yi ya san inda mutanen daji suke, wa ke gaya masa, me ya sa shi ba su taɓa shi ba. Ya ce makiyaya ke faɗa masa yana yi wa shanunsu allura, suka ce waɗanne makiyaya, ya ce bai riƙe sunaye ba. Suka karɓe wayar gawon suka sallame shi. Amma ofishin nan ƙofarsa a bakin titi take, duk mai wucewa ya ga shigarsa da fitarsa kwana biyu a jere. Wanda a da ake cewa yana gargaɗin direbobi, yanzu sai a ce yana kai wa soji rahoto, kuma wannan a wurin mutanen daji hukuncinsa ɗaya ne.

Lahadin da ta biyo baya wani tsohon makiyayi, wanda ɗan kawuna ya shekara goma yana duba masa shanu, ya same shi a kasuwar dabbobi. Bai gaishe shi ba. Ya tsuguna kusa da shi kamar yana duba kofaton wata saniya, ya yi magana yana kallon ƙasa. Ya ce an zo rijiyarsu an tambayi mai allura, an tambayi motar da yake bi, an kuma tambayi ko gidansu ne mai bedi a ƙofa. Ya ce kada ya ƙara kwana biyu a Kurfai, ya miƙe ya shige cikin shanu.

Litinin da safe na sami ɗan kawuna a tasha da jaka ɗaya. An gaya wa Kawu wai an canza masa wurin aiki zuwa Yamai. Na je da niyyar faɗin abubuwa da yawa. Shi ya riga ni, ya ce, "Ki riƙa duba Baba. Kada a sa mishi sukari a koko, ko ya ce yana so." Motar ta tashi. Da na koma gida na buɗe zauren, sai na ga lambar nan mai farin wuri, wadda ba hoto, ta fita da safiyar. Har yau ban san ko wane ne ba. Nakan dubi fuskokin iyayen yara in sun zo lakwal, nakan dubi mai nama da mai tattasai, kowa yana gaishe ni da fara'a.

Bayan wata guda matarsa da yara suka bi shi, daga Yamai ma suka ƙara gaba zuwa wani gari da ba zan faɗa ba, na koyi wannan ko ba komai. Matan nan masu sayar da kuka suka zo lakwal sau biyu ko uku suna tambaya ko wani ya yi magana a kan hanya, na ce ba kowa, suka daina zuwa. Ni kuwa kullum bayan la'asar ina gidan Kawu da kokonsa. Duk lokacin da ɗansa ya ce zai leƙo ko na kwana ɗaya ne, sai wani abu ya taso. Ko makiyayin nan ya aiko cewa har yanzu ana tambaya, ko wata baƙuwar lamba ta kira matarsa ta ce gaisuwa kawai, ana so a ji ko maigida yana nan lafiya.

Da damina ta sauka ƙafafun Kawu suka kumbura, ya daina fita gindin bedi. Wata rana ina ba shi koko ya ture kofin ya ce, "Ɗiyata, ni tsoho ne, ba yaro ba. Ba aiki yak kai shi ba. An ce wani ne yat tona shi cikin waya. Ke da kin san waya, wane ne?" Na ajiye kofin. Na iya ƙarya in na so, amma ba ga wannan tsoho ba. Na ce, "Kawu, ni ce." Na ba shi labarin tun daga tuwo har goge saƙo, ban rage komai ba. Ya ɗaga idanunsa masu hazo yana kallon rufin ɗaki. Can ya ce, "Wasa kinka yi." Na ce wasa na yi, Kawu. Ya ce, "Mu munka koya muku shi." Sannan ya miƙo hannu yana laluben kofin, na sa masa a hannu. Bai sake tada zancen ba, bai kuma canza mini fuska ba, ni dai na fi son da ya kore ni.

Ya rasu wata Laraba da hantsi, gero yana fitar da kai. Ni na kira ɗansa. Ya yi salati, sannan ya ce kada a sa a zaure sai an rufe shi, don kada wani ya zo ya zauna cikin masu gaisuwa yana jiran isowarsa. A garin da ake sanar da rasuwar jaririn kwana ɗaya, mutuwar Kawu sai baki da baki aka faɗe ta. Ya ce in an fito da shi in kira.

Bayan azahar aka fito da makara aka ajiye a filin ƙofar gida. Mata muna ciki. Na raɓe jikin zanan da ya raba tsakar gida da waje, inda kara ya ɗan buɗe, na kira shi, na ɗaga wayar sama da zanan da hannu ɗaya. Sallar gawa ba ta da ƙara, kabbara huɗu ce da shiru a tsakani, sai na riƙa sauko da wayar ina raɗa masa, an yi sahu, liman ya shiga gaba. Da liman ya yi kabbarar farko na ji shi can cikin wayar ya yi tasa, a hankali, shi kaɗai a ɗakin da ban taɓa gani ba. Haka har huɗu. Hannuna ya gaji, na tallafe shi da ɗayan.

Da aka sallame na mai da wayar kunnena. Na ji numfashinsa.

"Wa yak kama gaban makara?"

Na leƙa ta tsakanin kara. Na ce maƙwabcinsu ne da direban nan.

"In an kai, wa za ya shiga ramin ya karɓe shi?"

Na ce ban sani ba, mata ba su zuwa.

"Haka ne," in ji shi.

Bai kashe ba, ni ma ban kashe ba. Na tsaya ina leƙe har makarar ta sha kwanar masallaci, mutum na ƙarshe ya bi bayanta, sannan na ce masa sun tafi.